Butar da Ta Yi Mana Tafinta

Shekara ashirin da ɗoriya ina koyar da labarin ƙasa a wata sakandare a Malumfashi. Ko da idona a rufe zan zana maka Indiya a allo, in ja maka kogunanta, in faɗa maka watan da damina take sauka. Abin da littafin bai koya mini ba shi ne yadda mutum zai tsaya a filin jirgin Delhi da jaka biyu, da tsohuwar butar ƙarfe, da mahaifiyar da ba ta taɓa kiran sunansa ba.

Ni ne ɗan farin Inna. Yaran yanzu sai an yi musu bayani. A ƙauyenmu, tsakanin Malumfashi da Funtua, matan zamanin su Inna ba sa kiran sunan ɗan fari, ba sa yi masa magana ido da ido. Ana yaye ni kakata ta wajen uba ta ɗauke ni. Sunana Lawal, amma a bakin Inna ni "wancan" ne, in ranta ya yi daɗi kuma "malamin makaranta". In na je gaishe ta na durƙusa a bakin ƙofa, sai ta dubi ƙanwata Hadiza ta ce, "Ku tambayi wancan ya iyali." Hadiza ta tambaye ni, in amsa, ta mayar mata, alhali tsakaninmu bai wuce tabarma ɗaya ba. Haka muka kai har na yi furfura, lafiya lau. Ba ƙiyayya ba ce, kunya ce, kuma muddin akwai Hadiza, kunya ba ta da tsada.

A wani asibiti a Zariya aka tabbatar cewa ƙullutun da ke maman Inna na hagu sankara ce. Hoto ya kuma nuna wasu ƙananan abubuwa kewaye da shi, don haka likitoci suka ga abin da ya fi aminci shi ne a cire maman gaba ɗaya. Inna ta ce wa Hadiza, "Yadda Ya ba ni, haka zan mayar Masa. Su cire mugun su bar mini nawa. In ba za su iya ba, ku mai da ni gida." Kawunnaina sun yi magana, liman ya yi, ba wanda ya juya ta. Sai wani ɗan kasuwar auduga a Funtua ya ce ai a Indiya suna cire ƙullutu su bar mama, har ya haɗa mu da wani dillalin asibiti a can. Aka sayar da gonar fadama. Hadiza ce za ta raka ta, amma kafin biza ta fito cikinta ya tsufa. Sauran ƙannen ba su da Turanci. Kallo ya koma kan wancan.

Dillalin, Alhaji Ɗanlami, ya tarye mu da turare da murmushi da "Hajiyarmu, kin zo gida." Ya yi alƙawarin masauki jifa ɗaya daga asibiti, da mace Bahaushiya da za ta riƙa yi wa Inna tafinta. Ya cusa mu a kurkura, keken nan mai ƙafa uku, irin wanda ya cika titunan Funtua. A nan na gane ashe garin iyayen kurkura muka zo, kuma a gida ma 'ya'yan sun fi iyayen tarbiyya. Muka yi ta tafiya har na fara tunanin wane irin hannu ne yake wannan jifar.

Masaukin ɗaki ɗaya ne, gado ɗaya. Na ce, "Alhaji, ni da mahaifiyata ne fa."

Ya ce, "To ai shi ya sa, Malam. Da matarka ce sai in nemo biyu, don a huta da faɗa."

Ya yi dariyarsa shi kaɗai. Macen da za ta yi tafinta kuwa, ya ce gobe za ta zo. Har muka bar ƙasar goben nan ba ta waye ba. Na shimfiɗa dardumata a ɗan lungun da ke bakin ƙofa, wajen matakala, nan ya zama ɗakina.

Tun daga Kano Inna ba ta ce uffan ba, don babu wanda za ta bi ta kansa. Da azahar ta yi sai ta fito da butarta, ta ajiye a gabanta, ta dube ta sosai kamar mutum, ta ce, "Wai ina ne gabas a garin nan?"

Na ce, "Inna, a nan alƙibla yamma take. Mun wuce Makka, ta koma bayanmu."

Ta jawo butar kusa da ita. Can ta ce wa butar, "Karatun boko ke nan. Mutum ya tsufa a kawo shi inda zai ba gabas baya."

Amma ta juya yamma ta yi sallarta. Wannan ce kaɗai ranar da ilimin da nake ci da shi ya yi wa Inna amfani a tafiyar. Daga ranar buta ta hau kujerar Hadiza. "Ko akwai gishiri a gidan nan?" "Wani dai bai ci abinci ba tun safe." Ni kuma in amsa daga bakin ƙofa.

Abincinsu ya gagare ta. Ta ce komai nasu kamar an dafa shi a shagon mai turare. Ta kwance kukarta da daddawa da garin masara, ta tuƙa tuwo a 'yar tukunya. Mai gidan, wata tsohuwa mai jan ɗigo a goshi, ta hauro da hanci a toshe tana tambaya ko wani abu ne ya mutu a ɗakin. Na yi mata lacca a kan ɗorawa da kalwa, ba ta gamsu ba. Washegari sai ga ta da shayi kofi biyu. Ta zauna kusa da Inna, kowacce tana yarenta, kowacce tana gyaɗa kai. Na tsaya daga waje ina kallonsu, ina jin haushin cewa baƙuwar da ba ta jin kalma ɗaya ta fi ni samun hira da uwata.

A asibiti likitar mace ce, 'yar ƙarama, mai tabarau da saurin magana. Bayan an sake hotuna ta kira mu, ta juyo mini da allon kwamfuta. Na ɗaga ido na ga abin da ke kai, na sauke shi ƙasa. Na san fasalin tayil ɗin ofishin nan fiye da fuskar matar.

Ta ce, "Tambaye ta yaushe al'adarta ta ɗauke. 'Ya'ya nawa ta shayar? Kan maman yana fitar da ruwa ko jini?"

Na buɗe baki. Ni da nake tsayawa gaban ɗalibai sittin in yi awa ina zuba, na ji harshena ya zama kamar busasshiyar ganda. Na ce, "Inna, wai tana tambaya... ya jikin?"

Inna ta dubi bango ta ce, "Da sauƙi."

Likitar ta dube ni ta saman tabarau, irin kallon da nake yi wa yaron da ya zo jarrabawa ba biro. Na nemi izini na fita.

A barandar ce na ji Hausa. Wata mace ce doguwa, kakkaura, tana faɗa a waya: "Na ce ku ɗaure akuyan nan, ba ku ji! To su cinye waken, mi ya dame ni, ni ina Indiya!" Ban taɓa jin kiɗan da ya kai wannan faɗan daɗi ba. Na yi sallama. Sunanta Hajiya Rakiya, daga Maraɗi, mijinta ta kawo, ciwon ƙoda. Na kwashe labarina na gaya mata ina kallon takalmina.

Ta riƙe haɓa ta ce, "Ikon Allah! Malam, kai da ka sha shi, kai ne ke jin kunyarsa? Da kana jinjiri ba ka tsaya gaisuwa ba." Ta gyara mayafi. "Mu tai. Ina tsohuwar take?"

Haka aka kafa layin da ban taɓa ganin irinsa ba. Likita ta faɗa da Turanci, ni ina tsaye a bakin ƙofa na ba su baya in juya wa Hajiya Rakiya da Hausar makaranta, ita kuma ta juya wa Inna da Hausar tsakar gida. Amsa ta biyo hanyar ta dawo.

Bayanin da likitar ta yi ranar shi ne kan gaba ɗaya tafiyarmu ta rataya. Ta ce babban ƙullutun ba gardama, sankara ce. Ƙananan da ke kewaye da shi kuwa ba ta sani ba tukuna. Ta ce naman da ke zagaye da irin wannan ciwo ba kasafai ake samun sa sumul ba. Sau da yawa akan tarar da 'yan jakunkuna masu ruwa, ko wurin da ya yi tauri kamar jijiya, ko wurin da ƙwayoyin da ke shimfiɗe a hanyoyin nono suka yi yawa amma ba su lalace ba. Duk waɗannan ba sankara ba ne, mata da yawa suna da su har su tsufa ba su sani ba. Matsalar ita ce a hoto wani lokaci suna kama da mugun. Sai an sa allura an ɗebo ɗan nama daga kowanne an duba a madubin likita. In marasa laifi ne, za ta cire ƙullutun ta bar maman. In kuwa 'ya'yan mugun ne, babu dabara, sai duka.

Na ce wa Hajiya Rakiya, "Ki ce mata akwai sauye-sauyen da ke faruwa a nama waɗanda..."

Ta ce, "Dakata, Malam, ba aji muke ba." Ta juya. "Inna, kin ga kunu? Wani gudaji gari ne kawai bai dame ba, wani kuwa tsakuwa ce. Za su latsa su gani."

Inna ta ce, "In tsakuwa ce fa?"

"Sai a zubar da kwanon duka."

"To ku ce wa wancan, in haka ne ya nemi jirgi. Kada ya ɓata bakinsa."

Aka yi allurar, aka ce mu jira. A zaman jiran nan na fahimci cewa maƙwabcin ɓarawo ba lallai ɓarawo ba ne, amma in 'yan sanda suka zo da shi ake tafiya. Kullum da safe in raka Hajiya Rakiya sayo wa mijinta magani, in roƙe ta ta lallashi Inna. Ta gwada. Ta kawo mata labarin matan Maraɗi da aka cire musu suna nan suna kasuwancinsu. Inna ta saurara tsaf, ta ce Allah Ya ƙara musu lafiya, ta tambaye ta nawa ake sayar da tiyar gero a wajensu.

Alhaji Ɗanlami ya zo karɓar abin da yake kira ɗawainiya. Na riga na gano cewa yana da kaso a ɗakin, da kurkurar, da kantin magani, mai yiwuwa har da iskar da muke shaƙa. Da ya ji halin da ake ciki ya ja ni gefe.

"Malam, kai fa mai ilimi ne. Tsohuwa ba ta karatu. Ka sa hannu a kan babban aikin kawai. In ta farka ta ga an gama, za ta yi kuka kwana biyu ta haƙura."

Na ce, "In ta farka, wa za ta kalla?"

Ya ce, "To, ai dama ba kallonka take yi ba."

Ban mare shi ba. Fasfo ɗinmu yana hannunsa, wai yana sabunta mana rajista. Na ce masa zan yi tunani, kuma abin takaicin shi ne na yi tunanin. Na auna uwa mai rai da ta tsane ni da uwa a kabari da ta yarda da ni, na kasa gane wanne ne sikelin ya rinjaya. Da na ɗan taɓa wa likitar zancen a kaikaice, ta ce ita ba ta yanka mutum sai da yardarsa, ba da yardar ɗansa ba. Na ji sanyi, na kuma ji tsoro, don ƙofa ta ƙarshe ce ta rufe.

Ana saura kaɗan sakamako ya fito, likitocin mijin Hajiya Rakiya suka ce sun yi iyakar yinsu. Ta zo masaukinmu da ƙullin garin gero, idonta a bushe. Ta ce, "Ya ce gara ya mutu yana jin kukan akuyoyinsa. Jibi za mu tai." Ta rungume Inna. A matakala ta tsaya ta dube ni. "Malam, bakinka dai ba ado ba ne. In magana ta zo, ka faɗe ta ko da bango za ka faɗa wa."

Ni kaɗai na je karɓar sakamakon. Likitar ta cire tabarau ta ce duk ƙananan ba sankara ba ne. Biyu jakunkunan ruwa ne, ɗaya tauri ne kawai, ɗaya kuma wurin da ƙwayoyi suka yi cunkoso amma suna kan tsarinsu. Za ta cire ƙullutun tare da ɗan lafiyayyen nama kewaye da shi, ta kuma ɗebo kaluluwar hammata a duba. Ta ɗaga yatsa ta ce, "Kada ka yi murna fiye da kima. Maƙwabtan na wanke, ban wanke mai laifin ba. Je ka gaya mata, gobe ina son amsarta."

A cikin kurkura na kira Hadiza. Mijinta ya ɗauka, ya ce tana ɗakin haihuwa a Funtua tun asuba. Na kira lambar Hajiya Rakiya, a kashe, suna sama. Mai gidanmu ba ta jin Hausa. Alhaji Ɗanlami kuwa, na gwammace in aiki kare.

Na tarar da Inna ta idar da la'asar tana jan carbi, fuskarta yamma. Na durƙusa a bakin ƙofa. Na shirya jimloli masu kyau a hanya, da gabatarwa da kammalawa, duk suka watse. Butar tana gefen tabarma. Na miƙa hannu na jawo ta, na ajiye ta a tsakiyar ɗakin, na dube ta.

Na ce, "A gaya wa Inna, gudajin nan gari ne, ba tsakuwa ba. A gaya mata mugun guda ɗaya ne, shi za a cire." Na ƙara tura butar gaba. "A gaya mata maman yana nan. Ba za a cire shi ba."

Carbin ya tsaya. Ban ɗaga kai ba, amma na ji numfashinta ya sauya. Sannan ta ce wa butar, "A ce masa na ji. A ce masa ya sa hannu."

Aka yi aikin. Likitar ta cika alƙawari, ta cire mugun da gefensa tsaf, ta bar wa Inna nata. Bayan kwanaki ta sake kirana, wannan karon ba ta cire tabarau ba. Ciwon ya riga ya taɓa kaluluwar. Sai an bi da ƙarin ruwan magani na watanni, sannan gashi da na'ura. Guzurinmu kuwa ya kai gargara. Ta ce ana yin wannan a ƙasarmu, za ta rubuta wa likitocin gida. Na tambaye ta ko Inna za ta warke. Ta ce akwai fata mai kyau in an bi magani, amma ita ba ta sayar da tabbas. Na ga dai a duk garin ita kaɗai ce ba ta sayar mana da abin da ba ta da shi ba.

Na koma na sake jawo butar. Wannan karon bakina bai yi nauyi ba, zuciyata ce ta yi. Na faɗa mata duka, har da zubewar suma, har da rashin tabbas. Inna tana kishingiɗe, hannunta na hagu a kan matashi. Ta ce, "Allah Ya sa kaffara ce." Na yunƙura zan tashi sai na ji ta ci gaba, a hankali, idonta a kan butar.

"Mutane suna cewa taurin kai gare ni. Ba su sani ba. Na hagun nan, shi kaɗai wancan yake kamawa da yana jinjiri. In an ba shi na dama sai ya kau da kai, ya yi ta tsala ihu. Ranar da aka zo aka ɗauke shi, ba a ce in yi kuka ba, ban yi ba. Maman ne ya yi mini. Ya kumbura, ya yi ta zuba har ya jiƙa mini zane. Sauran yaran duk na riƙe su, na goya su, na kira sunansu. Shi wancan, abin da na samu nasa ke nan."

Na ɗauki butar na ga ruwanta ya yi ƙasa. Na fita da ita wajen famfo, na daɗe ina cika ta, har ta cika tana zuba a kan ƙafata.

Yanzu muna gida. Alhaji Ɗanlami ya ba mu fasfo ɗinmu a bakin filin jirgi, bayan ɗawainiya ta ƙarshe. Duk bayan 'yan makonni ina kai Inna Zariya ƙarin ruwa. Sumarta ta zube, ta rame, wata rana ta ci tuwo, wata rana ko kunu ba ya zama. Likitoci suna cewa mu ci gaba, mu kuma muna ci gaba, don ba mu da wani abin yi. Masu zuwa dubiya tana ba su labarin ƙasar da ake salla ana kallon yamma, da tsohuwar da ta ce daddawa mushe ce. Hadiza ta koma kujerarta da jaririnta a cinya. In na durƙusa a bakin ƙofa, Inna ta ce, "Ku tambayi wancan ya iyali," in amsa, a mayar mata.

Ran nan Hadiza ta ɗaga butar ta ce gindinta ya fara yoyo, in ta shiga kasuwar Funtua za ta sayo mata ta roba, mai kyau, mara nauyi.

Na karɓi butar daga hannun Hadiza, na ɗaure ta a bayan babur, na kai wa mai faci a Malumfashi. Ya juya ta ya ce, "Malam, kuɗin gyaran nan ai ya kusa sayen sabuwa."

Na ce ya liƙe ta, zan jira.